Kallabi da Hijabi: Awon Wa'azin Sutura a Ikkilisiyoyin Ƙasar Katsina

Gabatarwa

Duk ma'aikacin da aka tura hidima a tsakiyar Jihar Katsina, ko Kankiya, ko Kusada, ko ƙauyukan da ke tsakanin Kafin Soli da Gidan Mutum Ɗaya, ba zai daɗe ba sai maganar suturar mata ta iske shi. Masu bi a wannan yanki 'yan kaɗan ne a tsakiyar al'ummar Musulmi. Waɗansu Hausawa ne 'yan ƙasa, jikokin Maguzawa. Waɗansu kuwa aiki, ko kasuwanci, ko karatu ya kawo su daga kudancin Kaduna, Filato, Binuwai ko ƙasar Ibo. Ran Lahadi benci ɗaya suke zama, amma abin da kowannensu yake kira shigar mutunci dabam ne.

Tambayar takan zo wa fasto ta ƙofa uku. Uba yakan zo ya ce 'yarsa ta sami shiga makarantar gwamnati, hijabi kuwa yana cikin kayan makaranta: ta sa, ko ta zauna a gida? Dattijo yakan zo ya ce wance ta shigo sujada ba ɗankwali: a miƙa mata jibin Ubangiji, ko a tsallake ta? Saurayi kuma yakan zo ya ce abokinsa Musulmi ya buɗe masa 1 Korantiyawa 11 a waya, ya nuna masa hoton Maryamu a lulluɓe, ya ce Kirista sun yar da umarnin littafinsu. A kan amsar da fasto zai bayar ne karatun yarinya, da zaman mace cikin zumunci, da bangaskiyar saurayi suke rataye.

Amsoshin da ake ji daga mumbari sun kasu uku. Za mu ɗora kowanne a ma'auni, mu tambaye shi abu uku: ya bi nassi yadda yake? Ya san tarihi? Me yake yi wa garken?

Wa'azi na fari: rufe kai doka ce, mai ƙetare ta ta faɗi

Wannan shi ne wa'azin da ya fi yawa a ikkilisiyoyin karkara. Yana da abin yabo guda: bai ji kunyar nassi ba. Maganar Manzo Bulus a 1 Korantiyawa 11:5-6 mai nauyi ce, mai wa'azin nan kuwa bai sassauta ta ba. Amma da ya kai aya ta 6 sai ya rufe littafin, alhali maganar ta ci gaba har aya ta 16. Ga abin da ya bari a baya.

Na ɗaya, Bulus yana magana ne a kan lokacin addu'a da annabci. Bai kafa doka a kan kasuwa, ko gona, ko bakin rijiya ba. Ayar da ta ce mace ta rufe kai, ita ce kuma ta nuna mace tana buɗe baki cikin taron masu bi. Wanda ya ɗauki rufin kan ya hana bakin, rabin aya ya ɗauka.

Na biyu, Bulus bai faɗi irin ƙyallen ba, bai faɗi tsawonsa ba. Wuri ɗaya da ya ambaci sunan abin lulluɓi cikin Helenanci shi ne aya ta 15, inda ya ce gashin mace aka ba ta a matsayin abin rufi. Saboda haka waɗansu masana suke ganin ɗaure gashi yake nufi, ko da yake mafi yawa sun tsaya a kan mayafi, mu ma nan muka fi karkata. Abin lura shi ne, wurin da masu bincike na gaskiya suka rabu, bai kamata a mai da shi sandan dukan tumaki ba.

Na uku, harshen Bulus a nan harshen kunya ne da daraja. A aya ta 13 ya bar wa Korantiyawa su duba da kansu abin da ya dace, a aya ta 16 kuma ya kafa hujja da abin da ikkilisiyoyi suka saba yi. A gwada wannan da sura 5, inda ya umarta a fitar da mai zama da matar ubansa, ko 6:9-10, inda ya jera waɗanda ba za su gāji Mulkin Allah ba. Mace marar kallabi ba ta cikin jerin. Har ma a cikin sura 11 ɗin, waɗanda ya ce suna ci suna sha wa kansu hukunci a teburin Ubangiji su ne masu ƙoshi da suke kunyata matalauta. Dattijon da ya tsallake mace da gurasa domin ɗankwali, ya juya surar a kan ta.

Na huɗu, aya ta 10. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita, eksusiya, ma'anarta iko. Kalmar "alama" da ake gani a fassarori da yawa ba ta cikin Helenanci, masu fassara ne suka ƙara domin bayani. A sauran wurare cikin wannan wasiƙa, kamar 8:9 da 9:4-6, eksusiya iko ne da mutum yake riƙe da shi da kansa. Tun 1964 Morna Hooker ta nuna cewa ana iya fahimtar rufin kai a matsayin shaidar ikon da mace take da shi na tsayawa ta yi addu'a a gaban Allah. Ko ba a karɓi wannan duka ba, ayoyi 11 da 12 ba su da wuyar ganewa: cikin Ubangiji mace da namiji ba mai wadatuwa ba tare da ɗaya ba, kowane namiji kuwa mace ce ta haife shi.

Hukuncinmu a kan wannan wa'azi shi ne, ya ɗauki abin da ya dace ya mai da shi sharaɗin ceto. Wasiƙar Galatiyawa dukanta gargaɗi ce a kan irin wannan ƙari. Amfanin da yake haifarwa kuma sananne ne: mata masu rufe kai domin tsoron dattawa, da 'yan mata masu barin ikkilisiya da zarar sun tafi makaranta a birni.

Wa'azi na biyu: al'adar Koranti ce, ta wuce

Wannan ya fi fitowa daga bakin matasan ma'aikata da waɗanda suka yi hidima a manyan birane. Shi ma yana da gaskiyarsa. Koranti ta zamanin Bulus birnin Romawa ce. Romawa sun rushe tsohon birnin a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sāke gina shi a shekara ta 44. A al'adar Romawa, babban mutum yakan ja mayafinsa ya rufe kai sa'ad da yake miƙa hadaya ga gumaka, har an tono mutum-mutumin Kaisar Augustas a Koranti da kai a rufe haka. Wannan yana taimakonmu gane dalilin da Bulus ya fara da maza a aya ta 4. Ma'anar ƙyalle kuma tana sākewa. A Farawa 24:65 Rifkatu ta lulluɓe domin kunyar angonta. A Farawa 38:14-15 Tamar ta lulluɓe, Yahuza ya zaci karuwa ce. A dokokin Assuriya, fiye da shekara 1,000 kafin Almasihu, an wajabta wa matan aure lulluɓi, an kuma hana shi ga bayi da karuwai, har da bulala 50 ga karuwar da aka kama da shi. A can lulluɓi alamar matsayi ne.

Amma wa'azin nan yana da rauni uku.

Na fari, yakan jingina ga labarin cewa karuwan haikali 1,000 ne suke yawo a Koranti da kai a aske, shi ya sa Bulus ya yi maganar. Labarin mata 1,000 na haikalin Afrodita daga marubucin nan Sitirabo ya fito, shi kuwa tsohon birnin da aka rushe yake nufi, kusan shekara 200 kafin Bulus ya sa ƙafa a wurin. Kada a gina koyarwa a kan labarin da ba ya tsayawa.

Na biyu, Bulus bai ce saboda Koranti kaɗai ba. Ya kawo tsarin halitta, ya kawo mala'iku, ya kawo sauran ikkilisiyoyin Allah. Ikkilisiya kuwa ta daɗe tana fahimtarsa haka. A farkon ƙarni na 3, Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, ya rubuta littafi guda a kan lulluɓin budurwai. A ciki ya shaida cewa Korantiyawan zamaninsa suna lulluɓe 'yan matansu, ya kuma ambaci matan Arabiya masu rufe fuska su bar ido ɗaya, wajen shekara 400 kafin Hijira. Dokar Ikkilisiyar Katolika ta 1917 ta bukaci mata su rufe kai a sujada, sai dokar 1983 ta bar maganar. Matan ikkilisiyar Habasha har yau da farin mayafi suke shiga sujada. Iyayenmu na Zumuntar Mata kuma ba su taɓa raba zane da ɗankwali ba. Wanda ya ce rufe kai aro ne daga Musulunci bai karanta tarihin gidansu ba.

Na uku, kuma wannan ne babba, hujjar al'ada a ƙasarmu tana juyowa kan mai ita. Idan Bulus ya damu da abin da buɗaɗɗen kai yake faɗa wa mutanen Koranti, to, sai mu tambayi abin da yake faɗa wa mutanen Kusada. Kowa ya san amsar. A nan, matar aure ta ratsa gari ba kallabi ba mayafi magana ce, ba kuma magana mai daɗi ba. Ta wannan fuska Kankiya ta fi kusa da Koranti a kan yadda Landan take. Mai wa'azin da ya ce al'ada ce ta wuce, sau da yawa al'adar wani wuri yake shigowa da ita da sunan 'yancin bishara. Bulus da ya zama kamar Bayahude ga Yahudawa, ya kuma ce kada mu zama sanadin tuntuɓe ga Yahudawa ko Helenawa ko ikkilisiyar Allah (9:20, 10:32), ba zai yarda a saye ƙyamar maƙwabta da abin da bishara ba ta nema ba. Abin tuntuɓe ɗaya ya ishe mu, wato gicciye.

Wa'azi na uku: hijabi tutar Musulunci ce, mai sa shi ta yi musun Almasihu

Wannan wa'azi daga ciwo ya fito, ba ma kuwa raina ciwon. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Jihar Katsina a watan Agusta na 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, masu bi suke jin cewa fili yana ƙara ƙuntata. Iyaye suna tsoron kada daga hijabi a kai ga abin da ya fi hijabi. Amma tsoro ba ya iya fassara nassi, ba ya kuma iya fassara maƙwabci.

Bari mu fara da abin da Musulmi da kansu suke karantawa. A Suratun Nur, 24:31, an umarci mata muminai su sauko da mayafin kansu a kan ƙirji, kada su bayyana adonsu sai ga mazansu da dangin da aka lissafta. A Suratul Ahzab, 33:59, an ce su kusanto da manyan mayafansu a jiki domin a gane su, kada a cuce su. Kalmar hijabi kanta, a 33:53, labule take nufi. A 24:60 an sassauta wa tsofaffin mata. A 7:26 kuma an fifita tufar taƙawa a kan kowace tufa. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa take bi, sanannen ra'ayi shi ne mace ta rufe jikinta ban da fuska da tafin hannu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta bukaci doguwar riga mai kauri da mayafin kai domin salla. Niƙabi kuwa malamansu sun saɓa a kansa.

Sai tarihi. Hijabin da ake ɗinkawa a zura ta kai, wanda ya cika gari yau, ba tsohon abu ba ne a nan. Kakanninmu da kakanninsu zane, da kallabi, da gyale ko mayafi suka sani. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, malfa take naɗa wa jajis ɗinta, matan da take aikawa koyarwa a ƙauyuka. Hijabin zamani ya yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1970, ta hanyar masu dawowa daga aikin hajji, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, da makarantun Islamiyya na matan aure. Ga mata da yawa, shi ne ya buɗe musu ƙofar fita neman ilimi. Yau kuwa mai tallar awara tana sa shi, ma'aikaciyar asibiti tana sa shi, wata domin ibada, wata domin ya fi atamfa da gyale araha, wata domin kada a dame ta a mota. Wa'azin da ya ba ƙyalle ɗaya ma'ana ɗaya tak bai dubi titi ba.

Ina mafita ga yarinyar makaranta? Bulus ya ba mu ita a surori 8 zuwa 10, a kan naman da aka miƙa wa gumaka. Ba muna kwatanta ibadar Musulmi da bautar gumaka ba ne, ƙa'idar lamiri muke ɗauka. Ya ce a sayi nama a kasuwa a ci ba tare da bincike ba, gama duniya ta Ubangiji ce. Amma idan wani ya ce wannan na hadaya ne, sai a bari (10:25-28). Naman bai sāke ba, abin da cinsa yake shaidawa ne ya sāke. Haka yadi yake. Yarinyar da ta sa kayan makaranta domin ta shiga aji ba ta yi musun Ubangijinta ba, kada kuwa kowa ya ɗora mata laifin da Allah bai ɗora ba. Amma ran da aka ce sa shi yana nufin ta karɓi wani suna, ko ta shiga sahun salla, ko ta furta abin da ba ta gaskata ba, ran nan ne za ta ce a'a, ikkilisiya kuma ta tsaya a bayanta. Yarinyar da lamirinta bai yarda ta sa ba tun farko, ita ma Romawa 14 ta kāre ta. Kada mai sawa ta raina marar sawa, kada marar sawa ta hukunta mai sawa.

Wannan bai mai da tilas ya zama daidai ba. A nan ne ya kamata mu koyi darasi daga kudu. A watan Yuni na 2016 wata babbar kotu a Osogbo ta ba ɗalibai Musulmi damar sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Osun. Reshen CAN na jihar ya mai da martani da cewa 'ya'yan Kirista su ma su je da kayan ikkilisiya, sai ga yara a makarantar Baptist ta Iwo da rigunan mawaƙa. A 2021 gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 a Ilori a kan wannan rigima, har aka yi jifa a ƙofar makaranta. Ran 17 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 2, ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Muna ganin martanin Osun kuskure ne. Rigar mawaƙa domin sujada aka ɗinka ta, ba wanda ya taɓa koyar da cewa farilla ce a aji, sai aka mai da ita makamin gardama a jikin yara. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Akwai kuma abin da masu bi na arewa ya kamata su gani a hukuncin 2022. An kafa shi a kan sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi shiga ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Idan hijabi ibada ce da ba za a hana Musulma a Legas ba, to, a fahimtarmu, ibada ce da ba za a tilasta wa Kirista a Kankiya ba. Wanda ya yi yaƙi a hana 'yar wani a can, ya karya sandan da zai kāre 'yarsa a nan.

Ga saurayin da aka nuna wa hoton Maryamu kuwa, amsa mai sauƙi ce. Hoton zanen masu zane ne na ƙarnuka daga baya, ko da yake ba shakka matan Yahudawa na zamaninta suna rufe kai. A yarda da abin da yake gaskiya: addinan biyu suna girmama kunya da kamewa. Sa'an nan a nuna bambanci. A Musulunci suturar mace hukunci ne na shari'a mai iyakoki, a gaban duk namijin da ba muharrami ba. A wurin Bulus magana ce ta tsarin sujada da shaidar ikkilisiya, ba ta ƙara wa mace kome a kan adalcin da ta samu cikin Almasihu. Surar da ta ce mace ta rufe, ita ce ta ce namiji ya buɗe, shi ya sa namiji Kirista yake tuɓe hula a ƙofar majami'a, maƙwabcinsa kuwa yake shiga masallaci da tasa.

Abin da wa'azin uku suka tsallake

Ukun nan suna faɗa da juna, amma sun haɗu a wuri ɗaya: dukansu kan mace suke kallo. Abu biyu suka ɓace.

Na fari, idon namiji. A Matiyu 5:28-29 Ubangiji ya ɗora laifin kallon sha'awa a kan mai kallo, maganin da ya faɗa kuwa a kan idon mai kallon ne. Bai aiki kowa ya auna zanen wadda aka kalla ba. Natan bai tambayi Dawuda abin da Batsheba ta sa ba. Ko a Alƙur'ani, umarnin runtse ido ga maza a 24:30 ya riga na mata zuwa. Tartuliyan da muka kafa shaida da shi a kan tarihi, a nan ba za mu bi shi ba, gama a wani littafinsa a kan adon mata ya ɗora wa dukan mata laifin Hawwa'u, ya mai da su ƙofar da Iblis yake shigowa. Wannan ruhu bai mutu ba. Duk inda aka ɓata yarinya, tambayar fari ta zama me ta sa, to, shi ne yake magana. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

Na biyu, kuɗi. A 1 Timoti 2:9-10 da 1 Bitrus 3:3-4, abin da manzanni suka ambata shi ne kitso na ƙawa, da zinariya, da lu'ulu'u, da tufafi masu tsada. Ishaya 3:16-24 ya jera kayan adon matan Sihiyona nan da nan bayan ya tsauta wa shugabanni masu niƙe fuskar matalauta. Yakubu 2:1-4 ya hukunta taron da yake ba mai kyakkyawar riga kujera ya bar matalauci a tsaye. Rashin kamewar da Sabon Alkawari ya fi ambata shi ne nuna arziki. Mace tana iya rufewa daga kai har ƙafa da leshin da ya fi kuɗin buhun gero, ta kuwa karya 1 Timoti 2:9 sarai. Sai shugabanni su dubi yawan ankon da ake fitarwa a shekara: na taron mata, na biki, na godiya, na ban kwana da fasto. Gwauruwar da ta daina zuwa zumunta domin ba ta iya sayen zanen bana ba, wa zai yi wa'azi dominta?

Inda muka tsaya

Ga shawararmu ga masu hidima a wannan yanki.

A koyar da rufe kai a sujada a matsayin kyakkyawar al'adar ikkilisiya mai tushe a nassi, wadda ta dace da ƙasarmu. A bar manyan matan zumunta su koya wa ƙanana, yadda Titus 2:3-5 ya tsara. Kada a mai da shi maganar horo, kada a hana jibin Ubangiji a kansa, kada kuma mai tsaron ƙofa ya kunyata baƙuwa.

A wajen sujada, a ƙarfafa mata su yi shigar da garin yake gani ta mutunci ce. Zane da riga da kallabi da gyale kayan Hausawa ne, namu ne kamar yadda suke na kowa.

Macen da ta fito daga Musulunci ta bi Almasihu, kada a ce sai ta tuɓe hijabi kafin a yarda da tubanta. Tuɓe shi a rana ɗaya yana iya jawo mata haɗari, yana kuma gaya wa danginta cewa bin Almasihu zubar da kunya ne. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 ya ƙi ɗora wa sababbin masu bi kayan da bishara ba ta ɗora ba.

A kan makaranta, kada a cire yarinya daga karatu saboda yadi. Fasto da iyaye su je wurin shugaban makaranta cikin ladabi, su shiga taron iyaye da malamai, su nemi a yarda da ɗankwali ko hula mai launin kayan makaranta ga wadda lamirinta bai ɗauki hijabi ba. In abin ya ƙi, a bi ta shugabannin CAN na ƙaramar hukuma da ofishin ilimi, a rubuce. A gida kuwa a koya wa yarinyar abin da ta gaskata, har ta san inda iyakar take da kanta, gama fasto ba zai bi ta aji ba.

A ƙarshe, duk wa'azin sutura da za a yi wa mata, a yi wa maza nasu a Lahadin nan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Karanta 1 Korantiyawa 11:2-34 a zama ɗaya. Wane laifi ne Bulus ya ce yana jawo hukunci a teburin Ubangiji? Yaya wannan zai shafi tsarin horo a ikkilisiyarku?

2. A garin da kake hidima, me kallabi yake faɗa, me gyale yake faɗa, me hijabi yake faɗa? Tambayi mata uku masu shekaru dabam dabam kafin ka amsa.

3. Uba ya zo maka da maganar hijabin makaranta, matarsa kuwa ba ta yarda da ra'ayinsa ba. Yaya za ka yi amfani da 1 Korantiyawa 10:23-33 da Romawa 14 ka taimake su?

4. Lissafta ankon da aka fitar a ikkilisiyarku bara da kuɗin kowanne. Su wa suka kasa saya, ina suka zauna a ranar taron?